Jirgin da aka saya wa batir sau biyu bai daina gardamar tashi ba: nazarin wani aiki a bakin ruwan Yauri

Jirgin da ake magana a kansa na katako ne, dogo, irin waɗanda ke ɗaukar fasinja da buhunan hatsi da babura daga kwatar Yauri zuwa ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji a ranakun kasuwa. Tun da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Bussa da gonaki da dazuzzuka, kogin Kwara ya buɗe ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, kuma har yau akwai kututturan itatuwa tsaye a ƙarƙashin ruwan waɗanda sai direban da ya san hanya yake iya kauce musu. Saboda haka mutuwar inji a tsakiyar wannan tafki ba daidai take da mutuwar mota a kan kwalta ba. Mota idan ta mutu a inda ta mutu take tsayawa, jirgi kuwa iska da igiyar ruwa ne suke zaɓa masa inda zai nufa.

Injin jirgin irin na ratayawa a baya ne, mai ƙarfin doki 85, mai silinda 3, tsohon yayi wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, kuma da makulli ake tada shi. Yawancin ƙananan jiragen yankin suna amfani da inji mai ƙarfin doki 15 ko 40 wanda ake ja da igiya, shi ya sa mai jirgin, duk da shekarun da ya kwashe a kan ruwa, bai taɓa yin hulɗa da batir ba sai da ya sayi wannan babban injin. Batirinsa na farko na mota ne, na hannu, ya yi 'yan watanni ya mutu. Da ya koma kasuwa sai aka shawarce shi da ya sayi babba ya huta, ya kuwa sayi batirin sola mai lamba 200, irin wanda ake haɗa wa inbata a gida, wanda nauyinsa ya kai kusan kilo 60. Batir mai wannan nauyi ba zai zauna a bayan jirgi inda injin ya riga ya danne ba, sai aka ajiye shi wajen tsakiya, aka ƙara wa wayoyin injin tsawo don su kai gare shi. Bayan 'yan makonni gardamar ta dawo, har ta fi ta da.

Abin da ya kawo ni cikin maganar shi ne wani yammaci da tsohuwar raga ta nannaɗe farfela a hanyar dawowa daga kasuwa. Direban ya kashe injin, yaron jirgi ya yanke ragar, amma da aka murɗa makulli sai kik, wato ƙaramin motar lantarki da ke juya injin don ya tashi, ya yi ƙara ƙas-ƙas-ƙas ya ƙi juyawa. Sai da suka cire murfin injin, suka kwance abin da ke rufe fulaiwil, wato faifan ƙarfen da ke samansa, suka naɗa igiya suka yi ta ja, kuma jan injin doki 85 da hannu a cikin jirgin da ke tangaɗi ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kafin ya tashi iska ta kora su wani wuri da direban da kansa ba ya son bi. Babu wanda ya ji rauni, amma washegari mai jirgin ya aiko a kira ni, kuma abin da ya fara faɗa bayan gaisuwa shi ne, “Malam, wannan karon wane batir zan saya?”

Na roƙe shi kada ya sayi komai sai mun auna. Da mitar hannu, batirin yana hutawa ya nuna bolt 12.1. Batirin dalma mai bolt 12 yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, don haka cikakken caji yana nuna 12.6 zuwa 12.7, rabin caji kuwa wajen 12.2. Ke nan batirin bai kai rabi ba. Wannan ba daɗi, amma batir mai girman wannan ko a rabin caji yana iya juya kik ɗin injin doki 85, saboda haka ban yarda cewa nan ne ƙarshen labarin ba. Na ɗora bakunan mitar a kan kawunan batirin da kansu, direba ya murɗa makulli, mitar ta sauka zuwa 10.9. Sai na koma baya, na ɗora su a kan kik ɗin da jikin injin, aka sake murɗawa, mitar ta nuna 7.6. Tsakanin batirin da injin, bolt 3.3 sun ɓace a hanya.

Da muka ɗaga katakon ƙasa muka bi wayar sai lissafin ya fito fili. An ƙara mita 5 na waya mai kaurin milimita murabba'i 10 a kan ja, an ƙara wasu mita 5 a kan baƙa, wato mita 10 ke nan, domin wuta sai ta je ta dawo, kuma wannan dawowar ita ce yawancin masu haɗa waya suke mantawa da ita a lissafi. Jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1 yana da turjiyar kimanin om 0.0175 a kowace mita. Idan aka ninka wannan sau 10 aka raba da kaurin 10, turjiyar wayar ta zama om 0.0175, adadin da ido zai raina. Amma kik na wannan girman yana jan wuta mai yawa, a ƙiyasta amfiya 120, kuma idan aka ninka 120 da 0.0175 za a samu bolt 2.1. Irin wannan waya da fitila aka ɗora mata mai jan amfiya 5, asarar ba za ta kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ba, shi ya sa duk lokacin da suka gwada fitila ta kama da haske sai su ce wayar lafiya lau take.

Sauran bolt 1.2 a mahaɗa suka tafi. Inda aka haɗa tsohuwar waya da sabuwa murɗe su kawai aka yi aka naɗe da salatif, kuma wurin yana kwance a cikin ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Da na warware salatif ɗin sai ga zaren wayar sun koma kore, wasu suna marmashewa a yatsa kamar busasshen ganye, robar kuma ta yi ƙwanƙwaram alamar ta sha zafi. A kan batirin kuma, maƙalin ya yi wa kan yawa, sai aka buga ƙaramar ƙusa a tsakani don ya kama. Bolt 3.3 a kan amfiya 120 ya kusa wat 400, duk yana zama zafi a cikin waya da mahaɗa, a jirgin katako mai ɗauke da jarkokin fetur. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali fiye da ƙin tashin injin, ko da yake mai jirgin bai ga haka ba a lokacin.

Saura tambayar dalilin da ya sa batirin bai taɓa cika ba. A kan kawunansa na tarar da wayoyi ƙanana har guda 5 masu kai wuta ga fitilar haska hanya mai wat 55, da lasifika, da akwatin cajin wayar salula wanda yaron jirgi yake karɓar kuɗi a kansa yayin da jirgin ke jiran 'yan kasuwa. Babu fiyus ko ɗaya a cikinsu. Da muka kunna kayan da aka saba kunnawa a tasha, mitar maƙalawa, wadda ake maƙala wa waya don auna wutar da ke bi ta cikinta, ta nuna kusan amfiya 8. Jirgin yakan wuni a ɗaure daga hantsi zuwa la'asar, a ce awa 6, wato ana zuƙe kusan Ah 48, Ah kuwa shi ne amfiya sau awa, ma'aunin yawan wutar da ke cikin batir. Injin kuma, da muka auna shi yana gudu sosai, amfiya 7 yake mayarwa, tafiya da dawowa kuwa ba su wuce awa 3 ba, wato Ah 21. Kowace ranar kasuwa batirin yana kwana da bashin da ya haura Ah 25, kuma babu wanda ke biya. Tada injin shi kansa ba komai yake ci ba: amfiya 120 na daƙiƙa 5 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Ah guda ba. Batirin dalma idan ya daɗe a ƙasa da caji, wani farin gishiri da ke taruwa a farantansa yakan ƙanƙare ya ƙi narkewa, daga nan ko an yi caji ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Na tabbata abin da ya kashe batirin farko ke nan, kuma na biyun ma hanyar ya kama, girmansa ne kawai ya jinkirta masa.

Sai bayan wannan muka zauna maganar zaɓen batir. A kasuwanninmu lamba ɗaya ake ambata, a ce batir mai 62 ko mai 75 ko mai 100, kuma wannan lambar ta Ah ce, wadda ke nuna yawan wutar da batir zai bayar a hankali cikin awa 20. Batir mai Ah 100 zai ba da amfiya 5 na tsawon awa 20. Wannan ma'auni ya dace da mai sola, amma kik ba a hankali yake sha ba, fizga yake yi. Lambar da ta shafe shi ita ce CCA, wato yawan amfiyar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba, bisa ma'aunin Amurka. A batiran jirgin ruwa akan ga wata lambar, MCA, wadda gwaji iri ɗaya ne amma a digiri sifili, don haka kullum takan fi CCA da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda bai sani ba zai kwatanta MCA ɗin wani batir da CCA ɗin wani ya zaci ya samu garaɓasa. Bambancin batirin tada inji da na sola kuma a cikin ginin farantansu yake. Na tada inji yana da farantai sirara masu yawa domin ya saki wuta mai yawa nan take, amma ba ya jure a zuƙe shi ƙasa a kai a kai. Na sola farantansa masu kauri ne, yana jure zuƙa, amma idan aka kwatanta su a girma ɗaya bai kai na farkon fizga ba.

Littafin injin ya daɗe da ɓacewa, sai na ɗauki abin da Yamaha ke nema wa injunanta masu matsakaicin girma a matsayin ma'auni, wato aƙalla Ah 70 da CCA 430 bisa ma'aunin Turai, ko CCA 380 bisa na Amurka. Batirin mota mai 75 na kirki ya cika wannan har da rara. Mai jirgin ya yi tambaya mai ma'ana, ya ce ina ruwanmu da gwajin ƙanƙara alhali ko a tsakiyar hunturu ruwan Yauri bai taɓa daskarewa ba. Gaskiyarsa ne, amma lambar tana da amfani ko a nan, domin tana nuna yadda cikin batirin yake sakin wuta ba tare da turjiya ba. Sai dai a ƙasarmu zafi ne ke kashe batir. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, batirin da ke zaune a rana a cikin buɗaɗɗen jirgi kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da masu ƙera batir suka daɗe suna bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu, domin zafi yana hanzarta cin ƙarfen farantan, yana kuma ƙafar da ruwan. Don haka inuwa da iska suna cikin abin da za a saya wa batir, kamar yadda waya take ciki.

Akwai abu ɗaya da na so tabbatarwa kafin mu zaɓi tsakanin batir mai murafu da ake ƙara wa ruwa da rufaffen da ake cewa ba ya buƙatar kulawa. Na ari cikakken batir na haɗa wa injin kai tsaye, muka fita ruwa, direba ya ba shi wuta. Cikin ɗan lokaci mitar ta wuce 14.4, ta wuce 15, tana ci gaba da hawa. Caji mai lafiya yana tsakanin 13.8 da 14.4. Da yawa daga tsofaffin injunan ratayawa rektifaya kawai gare su, wato abin da ke mayar da wutar kwayil zuwa irin wadda batir ke sha, ba su da regileta mai tsayar da ita idan batir ya ƙoshi. Duk tsawon lokacin nan babban batirin da ke fama da yunwa shi ne ya ɓoye wannan, domin duk abin da aka ba shi haɗiyewa yake yi. Da mun sa ƙaramin rufaffen batir muka cire masa sauran kaya muka tafi, da injin ya dafa shi cikin 'yan watanni, ruwansa ya ƙafe ba hanyar ƙarawa, mai jirgin kuma ya ce batirin na uku ma jabu ne. Wannan gwajin ya yanke hukunci: batir mai murafu, sannan a nemo rektifaya mai haɗe da regileta da ta dace da injin. Batirin litiyam kuwa, da wani ya kawo shawararsa saboda rashin nauyi, ban ma tsaya a kansa ba, domin ba a ɗora shi a kan cajin da ba shi da linzami.

A shagon batir mun yi abin da kowa zai iya yi. Mun duba ranar ƙira a jikinsa, domin batirin da ya shekara a kan kanta cikin zafi ya riga ya fara tsufa kafin a saye shi. Mun auna shi, muka ƙi duk wanda bai kai 12.5 ba. Mun ɗaga shi, domin dalma ita ce kuɗin batir, kuma mai 75 na gaske yakan kai kilo 17 zuwa 20. Wanda aka liƙa masa takardar 75 amma yana ɗaguwa da yatsu uku, takardar ce kawai 75. Daga ƙarshe mai cajin batir na kusa ya ɗora masa na'urar gwajin nauyi. Ƙa'idar wannan gwaji ita ce a ja rabin lambar CCA na daƙiƙa 15, kada batirin ya faɗi ƙasa da bolt 9.6.

Wurin ajiye shi ne ya fi cin lokaci da musu. Hanya mafi sauƙi ta kashe asarar waya ita ce a kawo batirin kusa da injin yadda wayoyin asali na injin za su kai ba tare da ƙari ba, amma bayan jirgin nan ne mazaunin tankin mai da jarkoki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya kwanta a gindin jirgi. Batir kuma idan yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke tashi sama, kuma kashi 4 cikin 100 nata a cikin iska ya isa ya kama da wuta. Tartsatsi ɗaya daga sakakken kan batir ya ishi kowannensu. Dokar ƙera ƙananan jiragen ruwa ta Amurka ta hana a ajiye batir daidai sama ko ƙasan tankin mai ko mahaɗar bututunsa, ta kuma ce idan an ɗaure shi kada ya iya gusawa fiye da inci 1 ta kowace fuska. Ba a rubuta dokar don jirgin katakon Yauri ba, amma fetur ɗin ɗaya ne. Mai jirgin ya so a bar jarkokin inda suke saboda sauƙin zuba mai, ni kuma na ce in dai haka ne sai dai a nemi wani ya yi aikin. Abin da muka daidaita a kai shi ne, mai gaba ɗaya ya koma gefen hagu, batir ya zauna a dama, kafinta ya kafa katako a tsakani, ya kuma yi wa batirin ɗan dandamali da ya ɗaga shi sama da inda ruwan gindin jirgi ke kaiwa. Batirin yana cikin akwatin roba mai murfi, da hudoji a sama don iska ta fita, an ɗaure shi da ɗamara a jikin haƙarƙarin jirgin. Murfin yana ba da inuwa, yana kuma hana sifana ko bokitin ƙarfe faɗawa a kan kawunan biyu a lokaci guda.

Wayoyin injin na asali mun yanke musu ruɓaɓɓen baki har sai da muka kai inda jan ƙarfen ke sheƙi. Ɗan guntun da muka ƙara shi ne wanda ya tashi daga batir zuwa babban makunnin yanke wuta, kuma mun yi shi da waya mai kaurin milimita murabba'i 25, mai zare da yawa. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya sandararre ba ta da wuri a jirgi, domin girgizar inji tana karya ta. A nan akwai tarkon da ya kamata a sani: kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, ido ba ya bambanta su, alhali alminiyam kashi 61 cikin 100 kawai na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka yake iya ɗauka, kuma a cikin danshi yana ruɓewa da wuri. Ana gane ta idan aka kankare zare ɗaya da wuƙa, a ga cikin fari. Wayar jirgin ruwa ta gaske akasin haka take, waje fari saboda rufin kuza da ke kare ta daga tsatsa, ciki ja. Ba mu same ta a kusa ba, sai muka yi amfani da jan ƙarfe zalla muka rufe bakunan da kyau.

Kowane bakin waya an sa masa kunnen jan ƙarfe mai huda daidai da ƙusar da zai hau, an matse shi da na'urar matsewa har sai da na ja da ƙarfina bai motsa ba, sannan aka rufe wuyan da robar da ke tsukewa idan ta ji wuta. Ban yarda da narka dalma kaɗai a mahaɗar kik ba, domin tana sandarar da wayar daidai inda girgiza ke aiki, kuma idan wurin ya yi zafi tana iya saki. An sayi maƙalai daidai da kawunan batirin, an lura cewa kan fosatif ya ɗan fi na negatif kauri, an ɗaure da noti da sifana maimakon notin da ake murɗawa da yatsa. Farin garin da ke taruwa a kan batir asid ne ya haifar da shi, kuma ruwan kanwa yana kashe shi sarai, muddin ba a bari ya shiga cikin ɗakunan ba. Bayan an ɗaure, an shafa basilin a kai. Wajen haɗawa an fara da jar waya aka ƙare da baƙa, wajen cirewa kuma baƙa ce farko, saboda idan sifana ta taɓa jikin injin yayin da ake kan ja, kada wuta ta samu hanyar dawowa.

Layin kik ba a sa masa fiyus ba, kuma ƙa'idojin jiragen ruwa na Amurka sun yarda da haka saboda yawan wutar da yake ja. Kariyarsa ita ce gajarta da kauri da kuma hanyar da ba ta gogar ƙarfe. Duk wata waya ban da shi kuwa dole ta samu fiyus kusa da batir, cikin kimanin santimita 18, domin aikin fiyus kare waya ne daga kamawa da wuta, kuma duk tsawon da ke gabansa ba shi da kariya. Abu ɗaya kawai muka bari a kan sabon batirin, fitilar haska hanya, wadda ke jan amfiya 4.6, a kan waya mai kaurin 2.5 da fiyus mai amfiya 10, tunda ba a kunna ta sai injin yana aiki.

Babban batirin bai tafi a banza ba. An kai shi wurin mai caji ya kwana biyu, ya dawo da yawancin ƙarfinsa, aka mayar da shi mazauninsa na tsakiya, aka ɗora faifan sola mai wat 100 a kan rumfar jirgin tare da kwanturola mai daidaita caji, lasifika da akwatin caji suka koma kansa, kowanne da fiyus ɗinsa. Babu wayar da ta haɗa shi da batirin injin. Akwai makunni mai zaɓen batir na ɗaya ko na biyu ko duka, akwai kuma rile mai haɗa batura biyu da kansa idan inji na caji, duka biyun suna da kyau a inda suka dace. A wannan jirgin ban ga dacewarsu ba. Amfiya 7 ba ta isa a raba wa batura biyu ba, makunnin kuma na san a kan duka za a bar shi, ranar da aka manta sai a wayi gari batura biyu sun mutu tare.

Da aka gama muka maimaita awon farko. Batir yana hutawa 12.7, lokacin murɗa makulli 11.0 a kan batir, 10.6 a kan kik, asarar ta sauko daga 3.3 zuwa 0.4. Injin ya tashi kafin direba ya saki makulli. Na bar musu ƙa'idoji kaɗan da baki: kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 5, a dakata daƙiƙa 10 kafin a sake, kamar yadda littattafan irin waɗannan injuna suka tanada, kada a cire kan batir ko a juya makunnin yanke wuta injin yana aiki, kada kuma a juya ja da baƙa ko na ƙiftawar ido, domin duka biyun suna ƙona rektifaya, a buɗe murafu kowane mako a ga ruwan ya rufe farantai, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da asid, ban da ruwan kogi. Igiyar ja da sifanar da ke kwance murfin fulaiwil an ɗaure su a cikin jaka kusa da direba. Regileta ta iso bayan makonni 3, da aka ɗaura ta caji ya tsaya a 14.3 komai gudun injin.

Na koma duba jirgin a tsakiyar damina. Ruwan ɗakuna 2 ya ɗan sauka, muka ƙara. Kawunan suna nan tsaf a ƙarƙashin basilin. Amma a gefen maƙalin ja na ga sabon karce irin na bakin kada, wato maƙalin waya mai haƙora, da na tambaya sai yaron jirgi ya sunkuyar da kai. An yi kwana uku ana hadari, sola bai cika babban batirin ba, masu cajin waya kuma suna tsaye da kuɗinsu a hannu, shi ne ya ɗan ara daga na injin. Mai jirgin bai yi dogon faɗa ba. A makon ya ƙara faifan sola na biyu a kan rumfa, ya sa kafinta ya yi wa akwatin batirin injin marfin katako mai hudojin iska da kwaɗo, makullin kwaɗon kuma ya zura shi a zobe ɗaya da makullin injin.